Wa Ya Naɗa Mugun Bafaden? Waiwaye A Kan Shari'a A Zamanin Malam Umaru

Duk shekara idan ranar 5 ga watan Mayu ta zagayo, gidajen rediyo da shafukan Facebook na mutanen jiharmu sukan cika da begen marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, Allah ya jiƙansa da rahama. Ana tuno yadda ya rage kuɗin man fetur, da yadda ya bayyana kadarorinsa a bainar jama'a, da yadda ya tsaya ranar da aka rantsar da shi ya amsa da bakinsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da tangarɗa. Duk wannan gaskiya ne, ban kuma zo domin in rushe ko ɗaya daga ciki ba. Ni dai tsohon magatakardan kotu ne, mutumin Karfi a ƙasar Malumfashi, na yi shekara talatin da 'yan kai ina ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan kafin in dawo gida in rungumi gonar masara. Ni kuma ɗan ra'ayin mazan jiya ne, ban taɓa ɓoyewa ba: a gidan NPC aka haife ni, ƙuri'ata ta farko kuwa NPN na ba a 1979. Mai karatu yana da damar ya auna maganata da wannan ma'auni, roƙona kawai shi ne ya bari sai ya kai ƙarshe.

Malam Umaru ba baƙo ba ne gare mu a nan kudancin Katsina. Tun kafin ya zama gwamna a 1999, ya yi shekara shida, daga 1983 zuwa 1989, yana babban manajan gonar Sambo Farms a Funtuwa, kuma har yau akwai dattawan da suka san shi a lokacin, mutum mara hayaniya, mara son ado, mai yawan karatu. Mun kuma san gidan da ya tashi a siyasa, wanda ba gidan mahaifinsa ba ne. Mahaifinsa, Matawalle Musa 'Yar'aduwa, Ministan Legas ne a Jamhuriya ta Farko, jigo ne kuma a NPN a ta Biyu, amma ɗan ya tsallake ya shiga PRP, yana cikin samarin jami'ar Zariya da suka sha ruwan koyarwar Dakta Yusufu Bala Usman. A wancan lokaci muna tsohuwar Jihar Kaduna, Alhaji Balarabe Musa ne gwamna, wanda ya soke haraji da jangali a 1979, kafin majalisar da NPN ta mamaye ta tsige shi a watan Yuni na 1981. Wannan ita ce makarantar Malam Umaru. Ko da ya hau mulkin ƙasa a 2007 a inuwar PDP, jam'iyyar da babu mai zarginta da gurguzu, ƙanshin waccan makaranta bai bar rigarsa ba. Ya janye ƙarin harajin VAT, ya sassauta farashin mai, cinikin matatun Kaduna da Fatakwal da Obasanjo ya ƙulla a ƙarshen mulkinsa ya wargaje a hannunsa, ya kuma kira kansa hadimin jama'a.

Kwana uku da rasuwarsa a 2010, muna zaune a zauren wani kawuna, ƙanen mahaifiyata, tsohon ɗan NEPU wanda har ya koma ga Allah bai saki layi ba. Ana ta yabon mamaci kamar yadda ya dace, sai na yi suɓul da baka na ce mutumin kirki ne, amma shari'a ta wulaƙanta a zamaninsa. Kawu ya ɗago kai ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, ku 'yan barandan sarakuna ba ku da kunya. Ba a mugun sarki sai mugun bafade. Ku bar Umaru ya kwanta lafiya, ku je ku tuhumi ministansa." Na ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Kawu, amma wa ya naɗa bafaden? Wa kuma ya bar shi a fada har shekara biyu da rabi?" Bai amsa mini ba. Sai ya tuna mini, kamar yadda ya saba, da wata uku da ya yi a gidan yari a shekarun 1950, lokacin da wani alƙali ya ɗaure shi bisa laifin yin taro ba izini, alhali mutanen jam'iyyar mahaifina sun yi nasu taron a fili ɗaya kwana biyu kafin nan, babu wanda ya tambaye su takarda. Abin mamaki, karin maganar da 'yan Sawaba suka shekara da shekaru suna ƙaryatawa a kan sarakuna, ita ce Kawu ya ɗauko ranar nan domin ya kare nasa sarkin.

Na kawo wannan labari ne don kada wani ya ce na manta da namu laifin. Ban manta ba. A zamanin En'e an yi amfani da kotunan alƙalai an ci zarafin 'yan NEPU, an ɗaure, an yi bulala, an raba mutane da gonakinsu da garuruwansu, kuma jam'iyyar iyayenmu ce ta ci moriyar wannan aika-aika, har sai da sojoji suka ƙwace kotunan daga hannun sarakuna da dokar kotunan yanki ta 1967. Wannan ne ma ya sa na sa rai da Malam Umaru. Na ɗauka cewa ɗan gidan da aka yi wa bulala da sunan shari'a, idan Allah ya ba shi ƙasa, aikinsa na farko shi ne ya raba shari'a da siyasa rabuwa ta har abada. Shi ma da bakinsa ya sa bin doka da oda ya zama taken gwamnatinsa.

Kuma a yi masa adalci, ya fara da ƙafar dama. A watan Yuni na 2007 Kotun Ƙoli ta ce wa'adin Peter Obi bai ƙare ba a Anambra, nan take aka fitar da Andy Uba, ɗan gaban goshin Obasanjo, daga gidan gwamnati bayan 'yan makonni biyu da rantsar da shi. A watan Oktoba kotun ta ce Rotimi Amaechi ne halattaccen gwamnan Ribas, aka bi. Kuɗin ƙananan hukumomin Legas da Obasanjo ya riƙe shekara da shekaru duk da hukuncin kotu, Malam Umaru ya sake su. Wanda ya zauna a ƙasar nan tsakanin 1999 da 2007 ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai bin hukuncin kotu rabin aiki ne. Ɗaya rabin, wanda jama'a ba su cika lura da shi ba, shi ne wa ake kaiwa gaban kotun, wa kuma ake zarewa daga gabanta kafin ta yi magana. Alƙali ba ya zuwa farauta, naman da aka ajiye a gabansa shi yake feɗewa. Mai farautar kuwa, a tsarinmu, mutum ɗaya ne mai hula biyu: Atoni-Janar na Tarayya, wanda kuma shi ne Ministan Shari'a. Sashe na 174 na tsarin mulkin 1999 ya ba shi ikon ya shigar da ƙarar laifi a kan kowa, ya karɓe ƙarar da wata hukuma ta shigar, ko ya dakatar da ita a kowane mataki matuƙar ba a yanke hukunci ba. Sashe na 211 ya ba takwarorinsa na jihohi irin wannan iko. Gaskiya ne an ce ya lura da maslahar jama'a da adalci da kare kotu daga wasa da hankali, amma tun 1983, a shari'ar Ilori, Kotun Ƙoli ta ce ba hurumin kotu ba ne ta tambaye shi dalilinsa. Mai tambayarsa shi ne wanda ya naɗa shi, sai kuwa bakin duniya. Wanda ya naɗa shi ɗin kuma ɗan siyasa ne, yana iya sallamarsa da safe kafin ya karya kumallo.

Bari in gaya wa mai karatu yadda wannan iko yake a ido, domin na gan shi tun ina sabon shiga aiki, a farkon shekarun 1980, a wata kotu da ba zan faɗi sunanta ko jihar da take ba. An gurfanar da wasu samari huɗu bisa satar shanun huɗa guda huɗu na wani manomi. An kama biyu daga shanun a hannunsu, shaidu uku sun riga sun yi bayani, ni na rubuta da hannuna. Ranar da za a ji na huɗu, sai ga wani lauya ya shigo da takarda shafi ɗaya, layi biyar, da sa hannu da hatimi. Alƙalin, dattijo mai tsoron Allah, ya karanta sau biyu, ya cire tabarau ya goge, ya sallami samarin. Babu dalili a cikin takardar, doka kuma ba ta ce a sa ba. Kowa a harabar kotun ya san babbansu shi ke tara wa wani ɗan siyasa 'yan banga, ɗan siyasar kuwa na jam'iyyar da na zaɓa ne. Manomin bai gane abin da ya faru ba, ya ci gaba da zama a kan benci yana jiran a kira shi, sai da masinja ya zo zai rufe ƙofa.

To, wannan takarda mai layi biyar ita Malam Umaru ya danƙa a hannun Michael Aondoakaa a watan Yuli na 2007. Ba a yi wata guda ba, aka ba da sanarwar cewa daga yanzu EFCC da ICPC da sauransu sai sun nemi izinin ministan kafin su kai kowa kotu. Ƙasa ta ɗauki kururuwa, kafin kwana biyu aka janye, amma an riga an ga inda iska ta dosa. Ba da jimawa ba sai ga maganar James Ibori, tsohon gwamnan Delta, wanda jaridu suka yi ta ambata a cikin manyan waɗanda suka ɗauki nauyin yaƙin neman zaɓen 2007. 'Yan sandan Ingila suna bin sawun dukiyarsa, kotu a Landan ta riƙe masa kadarori na kimanin dala miliyan 35, sai ga lauyoyinsa ɗauke da wasiƙa daga ministan shari'ar Nijeriya suna kafa hujja da ita cewa a gida ba a tuhumarsa da komai. A ranar 12 ga Disamba 2007 EFCC ta kama shi ta gurfanar da shi a Babbar Kotun Tarayya ta Kaduna, ya kwana a gidan yarin garin. Malam Nuhu Ribadu ya ce mutumin ya taɓa aiko masa da dala miliyan 15 na toshiyar baki, ya kai su Babban Bankin ƙasa ya ajiye. Mako biyu da kamun, aka ce Ribadu ya tafi Kuru ƙaro karatu. A 2008 aka rage masa girma daga mataimakin Sufeto-Janar, daga baya aka kore shi daga aikin ɗan sanda baki ɗaya, ya bar ƙasar. A wannan shekara ce kuma aka naɗa David Edevbie, tsohon kwamishinan kuɗin Ibori, babban sakatare a ofishin Shugaban Ƙasa.

Sauran labarin kamar tatsuniya. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce ba a Kaduna ya kamata a yi shari'ar ba, a Delta ne. A lokacin babu reshen Babbar Kotun Tarayya a Asaba, sai aka buɗe. A ranar 17 ga Disamba 2009 Mai Shari'a Marcel Awokulehin ya yi watsi da tuhume-tuhume 170, bai bar ko ɗaya ba. Mutumin nan da aka ce ba shi da abin amsawa a Asaba, shi ne aka kama a Dubai a 2010, aka kai shi Landan, ya amsa laifinsa da bakinsa a watan Fabrairu na 2012, aka ɗaure shi shekara 13. Sai a 2014 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Benin ta soke hukuncin Asaba, bayan Turawa sun gama mana aikin. Ni da na ci abinci a kotu tsawon rayuwata, ban san wata kunya da ta kai wannan ba.

Kada a ɗauka ina wanke EFCC ta zamanin Obasanjo. Mun ga jerin sunayen da ta fitar a watan Fabrairu na 2007 ana dab da zaɓe, mun ga yadda aka so a hana Atiku Abubakar takara sai da Kotun Ƙoli ta shiga tsakani saura kwana biyar a kaɗa ƙuri'a, mun ga 'yan majalisa shida cikin ashirin da huɗu sun tsige Joshua Dariye a Filato a 2006. Wancan zamani ne na farautar abokan gaba. Abin da ya biyo baya zamani ne na ɓoye abokai, da sunan bin ƙa'ida. Ko wanne ka ɗauka, ɗan siyasa ne ke riƙe da igiyar kare, yana saki yana ja yadda ya ga dama. Wanda ya zo gyara bai cire igiyar daga hannun siyasa ba, ya dai sauya wanda ake sakar wa karen.

Akwai wata guda a mulkin nan da nake so masu ilminmu su zauna su dube shi da kyau, wato Yuli na 2009. Ranar 12 ga wata tsagerun MEND suka kai hari ma'ajiyar mai ta Atlas Cove a Legas, suka kashe jami'ai. Washegari Ministan Shari'a ya janye tuhumar cin amanar ƙasa da ake yi wa Henry Okah a kotun Jos, aka sake shi a ƙarƙashin afuwar da Shugaba ya shelanta ranar 25 ga Yuni. Ranar 30 ga wannan wata kuma, a Maiduguri, sojoji suka miƙa Muhammad Yusuf ga 'yan sanda da ransa, kafin gari ya waye ya zama gawa, ba a kai shi gaban kowane alƙali ba. Haka aka yi wa surukinsa Baba Fugu, dattijon da ya kai kansa ofishin 'yan sanda da ƙafarsa. Ba ni da ko ɗigon tausayi ga aƙidar Yusuf, ita ce ta mayar da Borno kufai. Amma ni ma'aikacin kotu ne, kuma abin da na gani shi ne mutum biyu da ake zargi da ɗaukar makami a kan ƙasa, a wata ɗaya, a ƙarƙashin gwamnati ɗaya mai taken bin doka: ɗaya an sake shi ba shari'a, ɗaya an kashe shi ba shari'a. Ba doka ce ta raba su ba, lissafi ne. Ɗaya yana zaune a kan bututun mai, ɗaya ba ya zaune a kan komai. Shugaba ya ce a yi bincike, amma har ya rasu babu ɗan sandan da ya tsaya gaban kotu, sai a 2011. Shi kuwa Okah, kotun Afirka ta Kudu ce ta ɗaure shi shekara 24 a 2013 saboda bama-baman da suka tashi a Abuja ranar 1 ga Oktoba 2010. Nan ma wata ƙasa ce ta yi mana shari'armu.

Na san hujjar masu kare afuwar Neja Delta, kuma ba hujjar banza ba ce. Haƙar mai ta farfaɗo, kashe-kashe sun ragu, mutanen yankin kuma suna da koke na gaskiya a kan ƙasarsu da ruwansu da aka gurɓata. Amma afuwa a shari'a tana zuwa ne bayan an san wane ne ya yi me. Wannan kuwa an yi ta ne a dunƙule, babu tuhuma, babu amsa laifi, babu wanda ya tambayi iyalan waɗanda aka kashe. Aka yanka wa kowane tsagera naira 65,000 a wata, a ƙasar da sai 2011 mafi ƙarancin albashi ya kai 18,000. Shirin da aka ce na ɗan lokaci ne ya haura shekara goma sha biyar ofishinsa yana buɗe. Darasin da kowane yaro mai bindiga ya ɗauka a faɗin ƙasar nan a bayyane yake: ƙaramin ɓarawo shi ke zuwa kotu, babba teburin sulhu ake kiransa.

Ba na cewa Malam Umaru ne ya kawo mana ɓarayin daji, wannan zalunci ne a faɗa, musabbabinsu da yawa. Abin da nake cewa shi ne, lokacin da bala'in ya iso ƙofarmu, samfurin maganin da shugabanninmu suka tarar a kan tebur shi ne na 2009, kuma 'yan bindigar da masu yi musu magana sun sha kafa hujja da Neja Delta. Gwamna Aminu Bello Masari, maƙwabcinmu na Kafur, ya yi sulhu na farko aka karɓi makamai a Ƙanƙara a farkon 2017, ya sake yin wani a 2019 har da musayar waɗanda ke tsare, a 2020 ya fito ya ce an ci amanarsa, ba zai ƙara ba. A watan Disamba na shekarar aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara. Auwalu Daudawa da ya jagoranci kwashewar ya karɓi afuwa a Zamfara a watan Fabrairu na 2021, bai cika wata uku ba ya koma daji, can aka kashe shi, bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba. A watan Agusta na 2025 kuma, a nan ƙaramar hukumarmu, aka buɗe wa masu sallar asuba wuta a Unguwar Mantau, aka kashe mutane gommai. Mu da ke noma a wannan yanki mun san gonakin da aka daina zuwa, mun kuma san yadda zuciyar mutum take idan ya ga wanda ya karɓi kuɗin fansar ɗansa yana cin kasuwa.

A nan ne bambancinmu da 'yan ra'ayin sauyi yake, kuma shi ne abin da na kasa fahimtar da Kawu. Su a wurinsu ciwon ƙasa shi ne miyagu ne ke mulki, idan aka kawo nagari mai ƙaunar talaka, komai zai daidaita, doka kuma kayan aiki ce a hannunsa, ya lanƙwasa ta inda alheri yake. Mu kuwa muna cewa ɗan Adam ajizi ne. Nagarin ma yana da abokai, yana da bashin siyasa da zai biya, yana gajiya, yana ciwo, yana mutuwa. Manomi ba ya dogara da tarbiyyar akuyar maƙwabci, darni yake yi. Malam Umaru ya yarda da tsarkin niyyarsa, mu ma mun yarda da ita, shi ya sa bai ga dalilin yin darni ba. Hujjata ita ce kwamitin marigayi Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, wanda shi da kansa ya kafa a watan Agusta na 2007. Da kwamitin ya miƙa rahoto a Disamba 2008, babbar shawararsa ita ce a cire zaɓo shugaban hukumar zaɓe daga hannun Shugaban Ƙasa, Majalisar Alƙalai ta Ƙasa ta riƙa tantancewa. A 2009 gwamnati ta ƙi wannan shawara. Ranar da aka ce ya rage ikon kujerarsa, ɗan PRP bai bambanta da wanda ya gada ba.

Ba zan taɓa maganar ciwonsa ba, wannan jarrabawa ce daga Allah. Amma abin da aka yi da doka a lokacin ciwon na jama'a ne. Daga 23 ga Nuwamba 2009 da aka tafi da shi Jidda zuwa 9 ga Fabrairu 2010, kwana 78, ƙasa ba ta da shugaba a kujera, ba a kuma aika wa majalisa takardar da sashe na 145 ya tanada ba. Babban lauyan ƙasa, wanda ya kamata ya fara cewa a bi tsarin mulki, shi ne ya fito yana cewa Shugaba na iya mulki daga ko'ina a duniya. Har ta kai a ƙarshen Disamba Alƙalin Alƙalai mai barin gado, Idris Legbo Kutigi, shi ya rantsar da magajinsa Katsina-Alu, domin babu shugaban da zai yi. Kashegarin ranar da majalisa ta ɗora Goodluck Jonathan a matsayin muƙaddashi, aka ɗauke Aondoakaa daga ma'aikatar shari'a. A 2010 wata kotu a Kalaba ta ce bai cancanci riƙe muƙamin gwamnati ba saboda ya sa an ƙi bin hukuncin kotu a kan wata kujerar majalisa ta Akwa Ibom, a Disamba 2021 Kotun Ƙoli ta tabbatar. Ga bafaden Kawu ke nan, kotu ta yi masa nasa hisabin. Tambayata ta zaure kuwa har yau tana nan.

Mu mutanen ƙasar Malumfashi muna da abin tunawa a wannan babi. Hakiminmu, marigayi Galadiman Katsina Mai Shari'a Mamman Nasir, wanda ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 1978 zuwa 1992, shi ne Ministan Shari'a na Jihar Arewa a gwamnatin Sardauna daga 1961 zuwa 1966. Ɗan NPC ne a fili, amma ba shi ne Atoni-Janar ba, wannan kujera daban take, wani ne ke kanta. Tsarin mulkin 1960 ma ya ba Daraktan gabatar da ƙararraki 'yancin kansa, sai na 1963 ya mayar da shi ƙarƙashin Atoni-Janar. Ban ce wancan tsari ya hana zalunci ba, bayan Kawu shaida ne. Ina dai nuna cewa raba hulunan nan biyu ba bidi'a ba ce a ƙasar nan, mun taɓa yi muka warware. Kenya ta yi a tsarin mulkinta na 2010, ta ba mai gabatar da ƙara wa'adi ɗaya na shekara takwas, ba ya karɓar umarni daga kowa. Mu ma abin da muke bukata bai wuce haka ba: minista ya tsaya a kan siyasarsa da kasafin kuɗinsa, mai gabatar da ƙara ya zama ma'aikaci mai wa'adi wanda Shugaba ko gwamna ba zai iya kora da sanarwar rediyo ba, duk takardar janye ƙara kuma ta zo da dalili a rubuce, a karanta a buɗaɗɗiyar kotu a gaban wanda aka zalunta.

Waɗanda suka biyo bayan Malam Umaru babu wanda ya taɓa wannan. Jonathan ya yafe wa tsohon ubangidansa Alamieyeseigha a 2013. A 2019 ofishin Atoni-Janar na Tarayya ya karɓe shari'ar Danjuma Goje daga EFCC ya janye ta, 'yan makonni bayan Goje ya janye daga neman shugabancin Majalisar Dattawa. A 2022 Buhari, wani ɗan jiharmu da aka zaɓa saboda tsarkin hannu, ya yafe wa Dariye da Jolly Nyame. Ban ɗora wa marigayin laifinsu ba. Na fi jin zafin nasa ne saboda shi kaɗai ne a cikinsu ya fito daga gidan da ya san ɗacin abin, shi kaɗai ne kuma ya hau da alkawarin gyara shi.

Manomin nan mai shanun huɗa ya yi kusan shekara biyu yana zuwa ofishina duk bayan 'yan makonni. Yakan tsaya daga bakin ƙofa, ya cire takalmi, ya ce, "Ranka ya daɗe, Malam Magatakarda, an sa ranar?" Nakan ce masa, "Baba, ai an rufe maganar." Sai ya ce to, zai dawo. Shanu biyun da aka samu an mayar masa, biyun kuwa ba a ƙara jin labarinsu ba, daminar bana da ta baɗi da fartanya ya yi su. Da aka yi mini canjin wurin aiki na miƙa fayil ɗin ga wanda ya gaje ni, takardar mai layi biyar tana saman bayanin shaidu uku da na rubuta.